Mai hayar tanti a Yelwan Yauri: kayansa da dama-dama, sanin ruwa kuwa sai shi

A bakin tashar jiragen ruwa ta Yelwan Yauri a jihar Kebbi akwai wani dattijo Basarke da ke ba da hayar tanti, kuma shi da kansa yake ɗaukar mutum a jirginsa ya kai shi inda zai kafa ya kwana. Ba shi da allo a ƙofa, ba shi da shafi a Facebook. Shago ne ɗan ƙarami na kwano, ɗansa na zaune a ciki yana sayar da zaren koma da ƙugiya da baƙin mai, tantunan kuma suna can ƙurya a ɗaure cikin buhunan shinkafa. Ban nemi izinin sa sunansa a nan ba, don haka zan kira shi yadda na kira shi a can, wato Baba. Ni malamin jogirafi ne a wata sakandare a Jega. Na je wurinsa a hutun ƙarshen shekara tare da abokan aikina biyu da ƙanena, kuma tun da aka ga hotunan ake ta tambayata ko abin ya ci kuɗinsa. Ya ci. Amma duk mai niyyar zuwa ya sani cewa rabin abin da zai biya ba na tanti ba ne, na idon mutumin da zai zaɓa masa wuri ne.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Akwai hayar tanti, akwai ladan jirgi, akwai fetur. Hayar tanti guda ba ta kai kuɗin ɗaki a masaukin baƙi na cikin gari ba. Fetur shi ne mai nauyin, kamar yadda kowa ya sani tun da aka cire tallafi a 2023. Abin da ya burge ni shi ne Baba ba ya karɓar kuɗin mai a hannu. Zai faɗa maka lita nawa ake bukata, ka je gidan mai da jarkarsa ka sayo, abin da ya rage bayan an dawo a yi lissafinsa a gabanka. Sai ɗan goron mai gari, wanda zan zo kansa.

Tantunan irin na Sin ne masu kumburin baya, masu sanduna biyu da ake gicciyawa. Ya ce a gwanjo ya saye su daga wasu da suka gama aikin bincike a yankin. A jikin jakar an rubuta mutum huɗu, amma manya biyu da jakunkunansu sun cika shi. Rana ta ci launinsu, zif ɗin yana cijewa saboda ƙura sai an goga masa kyandir, kuma ragar ƙofar ɗaya daga cikin namu ta yage an ɗinke ta da zaren koma, ɗinkin bai rufe ba. Ƙanena da ya kwana a ciki ya sha cizon sauro. Wannan laifi ne, na kuma faɗa wa Baba, domin a bakin ruwa raga ita ce rabin amfanin tanti. Inda ya yi dabara shi ne turaku. Siraran wayoyin da ke zuwa da irin waɗannan tantuna ba sa riƙe yashi, don haka ya sa maƙeri ya yanka masa rodi, tsawon kamu ɗaya, da lanƙwasa a kai. Inda yashin ya yi laushi ƙwarai kuma, sai yaransa su cika buhu da yashi, su ɗaura igiyar tantin a wuyansa su binne. Iska ta kaɗa sosai da tsakar dare, ko gezau. Yana ba da tamfol na shimfiɗa a ƙasa, da tabarma, da fitilar sola. Katifa da bargo kuwa kowa ya zo da nasa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Bayan mun bar Yelwa mun yi tafiya, sai muka hango wani fili na farin yashi a gefen ruwa, a shimfiɗe, ba ciyawa ba ƙaya. Ƙanena ya ce a tsaya nan, ba sai an ƙara gaba ba. Baba ya rage wuta, ya kai jirgin gaɓa, ya ce mu sauko. Bai yi musu da kowa ba. Ya wuce gaba muna binsa har gindin wata giyayya, ya ɗaga hannu ya taɓa busasshiyar kainuwa da tarkacen ciyawa da suka maƙale a reshe, daidai ƙirjinsa.

"Malam, wa ya rataya wannan nan?"

Na ce ruwa.

"To wanga wuri na kallo ne, ba na kwana ba. Duk inda ka ga giyayya ta yi yawa, ruwa na da gida nan."

Daga nan ya kai mu ƙarshen yashin, inda ciyawar burugu ta fara. Akwai wata hanya da ta ratsa ciyawar daga ruwa zuwa tudu, faɗinta ya kai a tura baro, ta lotsa gefe da gefe, tsakiyarta da ɗan tudu. Ya tsuguna ya sa tafin hannunsa cikin wani sawu mai yatsu huɗu, hannun ya ɓace a ciki. Ya nuna mana kashi a warwatse jikin ciyawa, bai gama bushewa ba. Hanyar dorina ce. Da dare take fitowa kiwo, kafin gari ya waye ta koma ta inda ta fito, kuma duk abin da ta tarar tsakaninta da ruwa ta ɗauke shi abokin gaba. Farin yashin da ya ba mu sha'awa yana bakin wannan hanya. Mutanen Yauri ba sa ɗaukar maganar dorina da wasa, masunta da manoman shinkafa sun sha hasara a kanta, har da ta rayuka.

Wurin da ya zaɓa mana bai kai wancan kyau a hoto ba. Tudu ne mai ƙasa mai tauri, sai an ɗan hau kafin a kai, da tsamiya a gefen gabas. Bai yarda mu kafa a ƙarƙashin tsamiyar ba, sai can gefenta inda za ta tare iska kawai, saboda reshe na iya faɗowa, kuma gindin babban itace matattarar kwarkwasa ce da maciji. Ya sa yaransa suka share wurin tas, suka duba ko akwai ramin kunama ko hanyar tururuwa. Ƙofofin tantunan duk ya juya su yamma. A hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, kusan ɓangaren alƙibla, don haka inda ka fuskanta ka yi salla, nan za ka ba bayan tanti. Abu na ƙarshe da ya auna shi ne nisanmu da mutane. Akwai tungar masunta a ƙasa da mu, muna hango hayaƙin bandarsu. Ya ce ƙa'idarsa ita ce kada ya sauke baƙo inda in ya ƙwala kira ba za a ji ba, kada kuma ya matsa kusa har a takura wa matan tunga.

Da la'asar ya kafa kara daidai bakin ruwa. Bayan isha ya haska, ruwa ya taɓa karan. Da asuba gindinsa na cikin ruwa. Abokin aikina ya yi mamaki, don rabon da a ga hadari tun watan Oktoba. Wannan kuwa abu ne da nake koyarwa a aji, amma a nan na gan shi a jikin kara. Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa a shekara a wannan yanki. Na farko shi ne na daminarmu, mai laka, wanda ke cika a watannin Agusta zuwa Oktoba, da gudunmawar Gulbin Rima da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. Na biyu ruwan sama ne da ya sauka tun da damina a tsaunukan ƙasar Gini, ya bazu a fadamun Mali tsakanin Mopti da Tumbuktu ya yi watanni yana tafiya a hankali, ya bi ta Yamai, sannan ya shigo mana ta wajen Lolo da Dole Kaina a tsakiyar hunturu, garau da shi don ya zubar da lakarsa a hanya. Ga kuma madatsar Kainji da aka kammala a 1968, wadda ta mayar da kogin tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, Yelwa tana can kansa na arewa. Saboda haka a Disamba da Janairu ruwa a cike yake, sai wajen bazara yake ja da baya. A gaɓa mai shimfiɗe, ƙaruwar ɗan yatsa a tsaye tana iya cin taku da yawa a kwance, in kuma iska ta turo igiyar ruwa abin ya ƙaru. Baba bai yi makarantar boko ba, amma ya san watan da ruwan yake isowa, ya san launinsa, ya san kifin da ke biyo shi.

Kafin a sauke ko buhu ɗaya daga jirgi, sai da ya kai mu gaban mai garin da tungar ke ƙarƙashinsa. Ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, baƙi na kawo maka. Malaman makaranta ne daga Jega, kwana za su yi bisa tudun tsamiya."

Mai gari ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ba dai zinari kuka taho nema ba?" Tambayar tana da dalili, domin ana haƙar zinari a ƙasar Yauri, kuma baƙo mai tanti da na'ura a hannu ba ya rasa jawo zargi. Muka nuna katin aiki, muka ajiye goro, ya aika yaro ya gaya wa shugaban 'yan banga cewa wutar da za a gani a tudu ta baƙinsa ce. Wanda bai san yankin ba zai ga kamar ɓata lokaci ne. Ni a wurina wannan zaman shi ne mafi tsada a duk abin da Baba ya yi mana. Tun da aka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, babu ƙauyen da zai ga baƙin fuska sun kunna wuta a daji ya yi barci. Mutum ya sayi tanti mafi tsada a Abuja, ya duba taswira a waya ya ga wuri mai kyau, in ya sauka ba da sanin masu wurin ba ya jefa kansa cikin hatsari, ya kuma tayar wa bayin Allah hankali. Da ɗan gari akan ci gari.

A kan ruwa ma ban ga sakaci ba. Yana da rigunan ceto, sun tsufa amma igiyoyinsu na nan, kuma bai tayar da inji ba sai da kowa ya ɗaura. Ba ya lodin da ya wuce kima, ba ya tafiya bayan magariba ko nawa za a ba shi. Duk wanda ya tuna jirgin da ya nutse a kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, da ɗimbin rayukan da aka rasa, ba zai ga tsaurin nan ya yi yawa ba. A ƙarƙashin tafkin akwai kututturan itatuwan da ruwa ya haɗiye tun lokacin da aka tashi garuruwa aka mayar da dubban mutane sababbin matsugunai, tsohuwar Busa ma tana ƙasan ruwan. Sau da yawa sai in ga ya karkata jirgi a fili ba tare da na ga komai ba, sai mun wuce in hango kan kututture yana leƙowa.

Abinci ba ya cikin ciniki, amma ɗansa ya sayo ƙarfasa a tunga ya gasa mana da yaji da albasar Gungawa, da safe kuma matan Fulani suka kawo nono. Sanyin asuba a bakin ruwa ya fi na cikin gari nesa ba kusa ba, raɓa kuma tana jiƙa rufin tanti har ta ɗiga in an taɓa shi daga ciki. A zo da bargo mai kauri da hular sanyi. Wuta kuwa a rami ya sa aka hura ta, bayan an kankare ciyawar kewaye, kuma bai kwanta ba sai da ya ga an kashe ta da ruwa. A watan da ciyawa ta bushe, ga tarin shinkafar mutane a gona, tartsatsi ɗaya ya isa.

Akwai inda muka saɓa da shi, kuma har yanzu ina kan ra'ayina. Ya ce mu yi wanka a wani lungu mai kwantaccen ruwa, wai nan babu kada. Na ƙi, na kuma hana ƙanena. Irin wannan ruwa mai ciyawa shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, mai shiga ta fata ta sa fitsarin jini. Baba ya ce su a ciki suka girma. Gaskiya ne, kuma shi ya sa cutar ta yi yawa a garuruwan bakin ruwa har wasu ke ganin ba cuta ba ce. Mun ɗebi ruwan muka tafasa muka bar shi ya huce. Mai kai baƙi bakin ruwa ya kamata ya riƙa faɗa musu wannan da bakinsa.

Da muka ce muna son wuri mai duwatsu, ya kai mu wani tsauni da ke kallon tafkin, mai manyan falalen dutse. A nan ma bai bar mu mun hau ƙololuwa ba saboda iska, bai kuma yarda da kwarin da ke tsakanin duwatsun ba duk da laushin yashinsa, domin hanyar ruwa ce. Ya zaɓi wani dandali a tsakiyar hawa, ya ɗaga kai ya duba babu dutsen da ke reto a samanmu, ya saurara ko akwai zuma a kogo. Turke ba ya shiga a nan, da duwatsu aka ɗaure igiyoyi. Ya gargaɗe mu kada wanda ya ɗaga dutse da hannu sai ya fara turawa da sanda, kada a fita da dare ba takalmi ba fitila, a kuma zazzage takalmi da safe. Dutse yana riƙe zafin rana, kububuwa da kunama suna son wannan ɗumin. Sauro ya yi ƙaranci a can sama, kuma daga wurin ana ganin fitilun masunta a kan ruwa har nesa.

Amma ainihin burina tsaunukan Zuru ne. A gindinsu na fara kwana a tanti ina ɗan Sikawut, kuma har yau ban ga inda ya fi su daɗin zango a jihar nan ba: ga tsofaffin kufai a kan duwatsu inda Dakarkari suka zauna don tsaro kafin su sauko, ga ƙoramu, ga inuwar ɗorawa da kaɗanya. Na tambayi Baba ko yana da wanda zai haɗa mu da shi ta hanyar Koko zuwa Dabai. Ya girgiza kai.

"Malam, ko kai ka ba ni jirgi sabo ba ni aika ka can ka kwana daji. Ka tafi bikin Uhola da rana, ka kwana cikin gari."

Ya yi gaskiya, kuma na ƙara ganin girmansa da ya ƙi kuɗin. Masarautar Zuru, musamman ɓangaren Danko-Wasagu da Sakaba, ta sha wuya a hannun 'yan bindiga shekarun nan. Haka dutsen Kwatarkwashi a Zamfara, wanda duk mai bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa yake ɗaga kai ya kalla, ba wurin kwana ba ne a yanzu. Yana yi mini ciwo in ga yaran da nake koya wa duwatsu da koguna a allo ba za su taka su ba, mu kuwa mun taka. Amma ciwon bai kai in ba wani shawarar ya kai kansa ba. Ko a Yauri ɗin, wurin da ke lafiya wannan wata ba lalle ya kasance haka wata mai zuwa ba, kuma Baba ya ce akwai lokutan da yake mayar da mutane gida tun daga tasha in labarin da ya ji bai yi masa ba.

Sauran ƙorafina kaɗan ne amma na gaske ne. Ba shi da akwatin agajin gaggawa, ko bandeji babu, mu muka zo da namu. Mun yi da shi za a tashi da hantsi, ba mu tashi ba sai bayan azahar saboda ya tafi jana'iza bai aiko ba. Uzuri ne mai ƙarfi, amma saƙo ɗaya ya isa. Yaransa suna jefa ledar ruwa a tafki, sai da muka yi magana suka fara tarawa a buhu. Babban gibin shi ne makewayi. Rami ake tonawa a bayan duhuwa, ba zana ba komai. Mu maza mun yi haƙuri, amma a haka ba zan kai iyalina ba, kuma na gaya masa cewa zana huɗu da sanduna ba za su gagare shi ba in yana son masu zuwa da mata da yara. Ya ce zai duba.

Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara zafi yana haura digiri 40, tanti ba ya shiguwa da rana, iskar farkon damina kuma tana tayar da igiyar ruwa mai kifar da jirgi. Da damina kuwa shi kansa ba ya bayarwa. Layin waya yana kamawa a kan tudu, yana ɗaukewa a gaɓa, don haka a gaya wa na gida sunan ƙauyen da ranar dawowa tun kafin a shiga jirgi. Ba ya karɓar ciniki ta waya daga wanda bai sani ba. Sai ka je Yelwa kwana ɗaya kafin tafiyar, ka zo da katin shaida, in da hali da wani ɗan gari da zai ce ya san ka, ku zauna a shagon a yi magana. A nan ne kuma za ka sa a warware tantin da za a ba ka, ka ɗaga ragarsa a rana ka duba da idonka kafin a ɗaure shi a buhu.